A Gaida Sarkin Ƙofa

Ranka ya daɗe, Sarkin Ƙofa. Gaisuwa ce daga Damargu, daga Tanut da Belbeji da Gangara da Olelewa, har can rijiyoyin Tenhiya inda makiyaya ke wuni suna jan guga. Kai ne mai zama bayan gilashi a ofisoshin jakadancin Turai da Amurka, hatimi a dama, takardar hani a hagu, kai ne mai ba da biza ka kuma hana ta. Kowa zaginka yake yi. Malaman jami'a sun fi kowa ɗaga murya, har da na ƙasashen da suka naɗa ka. To ni na ga bai dace a bar ma'aikaci irinka babu yabo ba. Fari bai hana ɗan Damargu karatu ba, yunwa ba ta hana shi ba, nisan makaranta bai hana shi ba. Ya ratsa su duka ya fito da digirin digirgir. Kai kaɗai ka iya tsayar da shi, da biro ɗaya, kana zaune cikin sanyi.

Ba za a san girmanka ba sai an tuna sakacin kakanninmu. A watan Janairun 1851 ayarin gishirin Kel Ewey ya sauko daga Azbin ya yada zango a Tagelel, nan cikin Damargu, da baƙi uku a tsakiyarsa: James Richardson mutumin Ingila, da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su. Masu bincike ne, da littafin rubutu da kamfas suke yawo, suna tambayar sunan kowane gari da kowace rijiya. A ƙarƙashin inuwar Annur suke, babban Kel Ewey mai gonaki a Damargu. A nan Richardson ya rabu da su ya nufi Damagaram. Bayan ƴan kwanaki Overweg ya yi wajen Gobir da Maraɗi, Barth kuma, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano.

Ba a ce ba su sha wuya ba. An tatse su a bakin Azbin, Sarkin Katsina ya riƙe Barth kwanaki yana neman kyauta mai tsoka, kuma akwai garuruwan da aka yi musu kallon ƴan leƙen asiri. Amma dubi rashin wayo irin na mutanen da. Babu wanda ya ce su kawo shaidar dukiyar da suka baro a gida. Babu wanda ya nemi takardar aure. Babu wanda ya sa su rantse za su koma. A 1853 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya ba Barth takardar amana. A Gwandu aka ba shi aron littafin Tarikh al-Sudan ya zauna ya kwafi abin da yake so. A Tumbutu Shehu Ahmad al-Bakka'i ya tsaya masa watanni, ya jawo wa kansa rigima da masu mulkin Masina saboda baƙo Nasara guda. Shekara 5 da ɗoriya mutumin nan yana yawo a ƙasashenmu, ya koma ya buga littafi juzu'i 5, daga baya ya zama farfesa a Berlin. Da kai ne a Tagelel ranar nan, ranka ya daɗe, da tun a bakin rijiya ka juya su.

Kuma da ka yi daidai, domin mu muka san abin da baƙo mai bincike ke iya rikiɗewa ya zama. A 1899 wani ayarin ya sake saukowa ta wannan hanya, shi ma da sunan bincike, ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Paris na cikin masu ɗaukar nauyinsa. Fernand Foureau ne masaninsu, mai auna taurari da tattara duwatsu da tsirrai. Sai dai ya taho da Kwamanda Lamy da sojoji wajen 300. Suka ratsa Damargu suka isa Damagaram a watan Nuwamba. Waɗannan baƙi ba su tuna da ranar komawa ba sai 3 ga Agustan 1960, sojojin ƙasarsu na ƙarshe kuwa sai Disamban 2023 suka tattara. Saboda haka idan ka kalli malamin tarihi ɗan Damagaram, da ƴar jakar takardunsa da kwat ɗin da ya ɗinka don taron kwana uku, gabanka ya faɗi kana tsoron zai zauna ya ƙi tafiya, mun fahimce ka. Wanzami ba ya son jarfa.

Akwai wani yaro da ya kamata ka ji labarinsa, don ka ga irin ɓarnar da ake yi a zamanin da ba ka nan. Sunansa Dorugu, ɗan Dambanas ne kusa da Kance. An kama shi yana ƙarami aka kai shi Borno a matsayin bawa, Overweg ya ƴanta shi, bayan rasuwar Overweg ya bi Barth har Tumbutu, a 1855 kuma Barth ya tafi da shi Turai tare da abokinsa Abbega. Auna shi da mudunka: ba albashi, ba gida, ba mata, ba asusun banki, ba takardar haihuwa. Ko layi ba za ka bari ya shiga ba. Amma ya shiga Ingila, ya zauna gaban wani malamin mishan, J. F. Schön, yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa, shi kuwa yana rubutawa. Daga bakin yaron nan aka samu babban kaso na abin da ya shiga nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da Magana Hausa na 1885. Schön ya karɓi lambar yabo a Faransa da digirin girmamawa a Oxford. Dorugu kuma ya aikata abin da kake rantsuwa ba ma yi: ya dawo. A Kano ya ƙare rayuwarsa a 1912, bayan ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa. Kai ka gyara wannan kuskuren. Yanzu Hausar na iya tafiya, a naɗe ta cikin na'ura a kai ta London ko Hambag a yi nazari a kanta, mai Hausar kuwa ya zauna inda aka same shi.

Mu ɗauki malami guda, ba sai an kira suna ba, ire-irensa suna nan a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da ta Abdu Mumuni ta Yamai, da ta Maraɗi. A ce ɗan makiyayi ne daga Tenhiya, yana son rubuta tarihin Damargu. Tsofaffin da suka ji daga bakin iyayensu suna nan, ya zauna da su, ya naɗi muryoyinsu. Amma rahotannin hafsoshin Faransa da suka ƙirga mutanenmu da raƙumanmu suka yanka haraji, da yawansu suna ajiye a Aix-en-Provence da Vincennes a Faransa. Wasiƙun da su Barth suka riƙa aika wa gwamnatin Ingila suna Kew a London. Littattafan da ake komawa gare su a kan Damargu, na Yehoshua Rash na 1973 kan shekarun farko na Faransawa a nan, da na Stephen Baier na 1980 kan tattalin arzikin yankin, baƙi ne suka rubuta su. Sun yi aiki mai kyau, Allah ya sani, domin ƙofa biyu ce a buɗe gare su, ta nan da ta can. Malaminmu ɗaya gare shi. Don ya samu ta biyun sai ya zo gabanka.

A nan ne tarbiyyarka take farawa, kuma tarbiyya ce da babu jami'ar da ke bayarwa. Ya fito daga Tanut, kilomita wajen 150 zuwa Damagaram, ya ƙara wajen 900 zuwa Yamai, wuni guda cur a cikin kar. In Faransa ya nufa, tagar Yamai a rufe take, ofishin jakadancin ma an sanar da rufe shi tun Janairun 2024, sai ya nemi wata ƙasa da zai je ya yi layi a matsayin baƙo mai roƙon zama baƙo. Kafin nan ya haɗa dosiye: fasfo mai sauran rai na aƙalla wata 3 bayan dawowa, da shafi 2 farare, takardar gayyata, takardar izinin tafiya daga jami'a, takardun albashi, bayanin asusun banki na watannin baya, shaidar masauki, shaidar kujerar jirgi zuwa da dawowa, inshorar lafiya da za ta iya biyan Yuro 30,000, wato sama da sefa miliyan 19, ga mutumin da a garinsu ake ɗaukar mai naƙuda a kan amalanke, hoto mai faɗi kaza da tsawo kaza, ba murmushi, yatsu 10 a kan gilashi. Sannan randebu, wanda ake farautarsa a intanet da tsakar dare, ya kuma iya faɗowa mako guda bayan an tashi taron. Wanda ya gama wannan ya koyi haƙuri, ya koyi ƙasƙantar da kai, ya koyi cewa shekara 20 ta karatu ba ta kai nauyin takardar banki ɗaya ba.

Inda na fi jinjina maka kuwa shi ne ilimin gaibu. Malamanmu sun karantar da mu cewa niyya a zuci take, Allah kaɗai ke ganin ta. Kai kana ganin ta a cikin hoto. Takardar haninka ma ba ta wahalar da kai da dogon bayani: dalilai ne a jere, an riga an buga su, kowanne da ɗan akwati a gefensa, sai ka soka biro a wanda ke cewa akwai shakka kan ko mutumin yana da niyyar fita kafin wa'adinsa ya cika. Shi ke nan. Raƙuman mahaifinsa ba sa shiga lissafi, tunda ba a banki suke kiwo ba. Rijiyar da kakansa ya gina ba ta da takardar mallaka. Tsohuwarsa, da ƙannen da yake biya wa makaranta, da aji cike da ɗalibai masu jiran jarrabawa, babu akwatin da aka tanadar musu. In saurayi ne, ba abin da zai dawo da shi. In kuɗin asusunsa kaɗan ne, ba zai iya riƙe kansa ba. In masu gayyata sun turo masa kuɗin tafiya asusun ya kumbura, ba a san asalin kuɗin ba. In bai taɓa fita ba, ba shi da tarihin tafiya, tarihin tafiyar kuma ba ya samuwa sai da biza. Wane alƙali ne a duniya ya taɓa shirya shari'a mai kyau haka, wadda kowace amsa ke kai wa ga hukunci ɗaya? Ga shi ba ka mantuwa: hanin yana zama shekara 5 a rumbun kwamfutar da ƙasashen Turai 29 na yankin Schengen ke leƙawa. Ka kuma yi adalci ka ba shi damar ɗaukaka ƙara, in Faransa ce ta hana shi, zuwa wani ofishi a Nantes, inda shirun wata 2 ke nufin an sake ƙi.

Wasu suna cewa ba ka da karamci. Ƙarya suke yi maka. Dokar bizar Schengen ta ce a yafe kuɗin biza ga mai bincike da ke zuwa taron ilimi, muddin dai ka yarda mai binciken ne. Abin da ya rage masa kawai shi ne kuɗin mota, da na masauki a babban birni, da na inshora, da na kamfanin da ka ba kwangilar karɓar takardu a inda kake da shi, da albashin wata da ya narke a hanya. Sauran jama'a kuwa Yuro 90 suke biya tun watan Yunin 2024, jika 59 ke nan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42. Ingila da Amurka ba su san wannan yafiyar ba. Amurka dala 185 take karɓa. Kuma ko an ba mutum ko an hana shi, kuɗin ya tafi. Ɗan kasuwar Tanut da zai karɓi kuɗin buhun hatsi ya hana buhun ya riƙe kuɗin, kafin la'asar yana gaban alƙali. Kai kuwa cibiyar LAGO Collective ta lissafa cewa a 2023 kaɗai ƴan Afirka sun zuba wajen Yuro miliyan 56 a kan bizar Schengen da aka hana su, a 2024 abin ya kai wajen miliyan 60. A 2024 ɗin ka juya wajen kashi 46 cikin 100 na masu nema daga Najeriya, alhali na duniya baki ɗaya bai wuce kashi 15 ba. An daɗe ana yi mana gori da taimakon da ake ba mu. Madalla da kai da ka buɗe mana hanyar ramawa.

Ayyukanka sun shahara, ba a ɓoye suke ba. A 2019 wasu ƴan majalisar dokokin Ingila suka zauna suka bincika, suka tarar ana hana kashi 27 cikin 100 na ƴan Afirka masu neman bizar ziyara, ga sauran duniya gaba ɗaya kashi 12. A watan Afrilun shekarar, masu binciken cutar Ebola su 6 daga Saliyo suka kasa zuwa horon da gidauniyar Wellcome ta ɗauki nauyinsa a Ingila, a lokacin da cutar ke cin mutane a gabashin Kwango. Mutanen da suka ga Ebola da idonsu, me za su ƙara wa masanan London? A taron Afirka na makarantar LSE ta London, wani zama da aka shirya wa masu bincike 25, mutum 24 ba su samu zuwa ba. Shugabannin jami'o'i da cibiyoyin bincike 70 suka rubuta wasiƙar ƙorafi, ba su gane alherin da ka yi musu ba, na taro marar gardama. A Montreal a 2022, a babban taron duniya kan cutar sida, wakilai masu yawa daga ƙasashen da cutar ta fi yi wa ɓarna ba su samu bizar Kanada a kan lokaci ba. Ita kanta Winnie Byanyima, shugabar hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da cutar, ta ce da ƙyar aka bar ta ta hau jirgi a Janiba. Bayan wata uku, Dokta Ahmed Ogwell Ouma, muƙaddashin shugaban hukumar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Afirka a lokacin, yana kan hanyar taron lafiya na Berlin, ya ce jami'an shige da fice a Frankfurt sun wulaƙanta shi suna zaton so yake ya maƙale. Wannan shi ne adalci: ba ka duba babba, ba ka duba yaro, launin fasfo kawai kake dubawa.

A kan watan Satumban 2023 kam, yabon ma ƙin fita yake yi daga bakina. Sojoji sun karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, Paris ta yi fushi, sai fushin ya sauka a kan wa? A kan yaran da suka ci jarrabawa, suka samu gurbi a jami'o'in Faransa, wasu da tallafin karatu a hannu, iyayensu sun riga sun sayar da bisashe sun yi musu guzuri. Aka dakatar da biza ga ƴan Nijar da Mali da Burkina Faso, aka aika wa ɗalibai saƙon cewa tafiyarsu ta tsaya, har gidajen wasan kwaikwayo na Faransa aka umarta su jingine hulɗa da masu fasahar ƙasashen nan uku. Babu ɗalibin da ya riƙe bindiga ranar 26 ga Yuli. Babu mai karatun digiri na uku da aka yi shawara da shi. Shekarar karatu ta ɗan talaka ba ta dawowa, kuma yarinyar Belbeji da ta yi gardama da dangi duka kafin a yarda ta fita karatu, in tafiyar ta fasa sau ɗaya, ba lalle a sake yarda ba. Wanda ya yanke wannan hukunci ya san haka, ko kuwa bai damu ya sani ba.

Amma kada a ce ka rufe wa Nijar ƙofa gaba ɗaya, wannan ƙazafi ne. Akwai ƴan ƙasar da kake maraba da su hannu biyu. A 1920 Kyaftin Angus Buchanan ya ratsa Damargu yana harbin tsuntsaye da namun daji yana cika akwatuna don gidan ajiyar Lord Rothschild da ke Tring, har aka laƙaba wa wata barewa sunan Damargu a littattafan masana. Mafi yawan tsuntsayen Rothschild an sayar wa gidan tarihin New York a farkon shekarun 1930. Ba a tambaye su ranar komawa ba. Ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba da ta rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, waɗanda aka tono a Gadufawa cikin Tenere, suna tsaye a gidan tarihin Benis ta Italiya tun shekarun 1970. Sai kuma babban baƙo. A watan Nuwamban 2023 aka tsinci wani dutse a yankin Agadas, nauyinsa ya kusa kilo 25, gutsuren duniyar Mars ne, mafi girma da aka taɓa samu a doron ƙasa. Ya bi ta Italiya ya isa New York, ranar 16 ga Yulin 2025 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a kan dala miliyan 5 da dubu 300. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita, kamfanin ya ce takardunsa cikakku ne. Ka ji dutse mai tarbiyya, dosiyensa ba gyara. Kwana 9 bayan gwanjon, ofishin jakadancin Amurka a Yamai ya dakatar da aikin biza na yau da kullum, a watan Disamba kuma aka sa Nijar cikin ƙasashen da aka hana ƴaƴansu shiga Amurka. Masanin duwatsu ɗan Nijar da ke son ganin dutsen ƙasarsa, sai ya nemi hotonsa a waya.

Haka jini da kashi da awon damtsen yaranmu. An yi manyan gwaje-gwaje a ƙasar nan da duniya ta amfana da su: abincin gyaɗa na maganin tamowa a Maraɗi, rigakafin gudawa da aka gwada a kan jarirai sama da 3,500 a Madarunfa aka buga sakamakonsa a 2017. Alheri ne, yara sun rayu, kuma masu binciken da suka zo da yawansu mutanen kirki ne, su ma kana ba su kunya duk ranar da suka gayyaci abokin aikinsu ka hana shi. Alƙaluman da ma'aikatan lafiyarmu suka tattara gida-gida cikin rana suna ƙetare teku a daƙiƙa ɗaya, ba ka taɓa tsayar da su ba. Ka san abin da ke da amfani a jikinmu, ka kuma san yadda ake ɗaukarsa a bar sauran.

Ƙwazonka bai tsaya a bakin tagarka ba, har gida ka biyo mu. Bayan dokar 2015-36 ta hana safarar baƙin haure da aka kafa a Yamai, wadda Tarayyar Turai ta mara wa baya da kuɗi da horar da jami'an tsaro, iyakar Turai ta taso ta zauna a kan hanyar Agadas, hanyar da ke ratsa Tanut, wadda ayari ke bi tun kafin a san sunan Schengen. Aka ɗaure direbobi, aka kama motoci, matafiya suka koma bin hanyoyin da babu rijiya. Sai a Nuwamban 2023 aka soke dokar.

Ka kuma yi almajirai a cikinmu, ka yi alfahari da su. Alhaji Aliko Ɗangote ya faɗa a Kigali a watan Mayun 2024 cewa biza 35 yake buƙata kafin ya zagaya Afirka, alhali Bafaranshen da ke zaune kusa da shi ba ya buƙatar haka. In mai kuɗin nahiyar ke nan, ina ga malamin jami'a da aka gayyata taro a wata ƙasar Afirka? Shugabanninmu sun koyi hatiminka sarai. Da Amurka ta rufe mana, Yamai ta rama ta rufe wa Amurkawa, wanda ke nufin ɗalibin da ke koyon Hausa a can, mai son zuwa Damagaram ya zauna da mu, shi ma ya zauna a gida. Abin da ba su koya ba shi ne zuba kuɗi a jami'o'in gida, yadda malami zai samu ɗakin gwaji da ɗakin karatu da kuɗin bincike ba sai ya miƙa hannu waje ba. Da sun yi haka da layin da ke gabanka ya ragu, su kuwa ba sa son ka rasa aikin yi.

Na ji ma ka samo maganin ƙorafi: wanda aka hana, ya yi jawabinsa ta intanet. Dabara ce mai kyau. Malaminmu zai zauna a ofis a Damagaram cikin zafin watan Afrilu, wuta ta ɗauke a tsakiyar jimla, fuskarsa ta daskare a bangon zauren, shugaban zama ya ba da haƙuri a wuce ga na gaba. Hirar da ake yi a bakin shayi bayan an tashi, inda ake ƙulla aikin haɗin gwiwa, a raba kuɗin bincike, a zaɓi wanda sunansa zai zo farko a kan takarda, wannan ba ta bi ta waya. A can ake yanke wa zai yi magana da sunan Sahel a shekara 10 masu zuwa, kan fari da fara da sanƙarau da rikicin manoma da makiyaya. Wanda ya san lokacin da ciyawar Tenhiya ke ƙarewa, ya san wace rijiya ke ƙafewa da wuri da dalilin da ya sa, ka hutar da shi daga wannan wahalar.

Roƙo ɗaya gare mu, ranka ya daɗe, tunda kai mai son kowa ya zauna a ƙasarsa ne. Ka cika alherinka. Takardun Damargu da ke Aix-en-Provence da Vincennes sun wuce wa'adinsu da shekaru, ka ɗauki hotonsu shafi-shafi ka aiko su, in asalin ya yi maka nauyi. Ƙasusuwan Gadufawa su ma ka duba niyyarsu ta komawa. Kuɗin wanda ka hana, ka mayar masa, tunda bai ci komai naka ba. Taron da za a yi a kan yunwar Sahel kuma a zo a yi shi a Damagaram ko Maraɗi, masananka su haɗa nasu dosiyen, su zo da shaidar cewa za su koma. Za mu shimfiɗa musu tabarma a Jami'ar André Salifou, wanda ke son ganin Damargu da idonsa kuma, motar Agadas tana tsayawa a Tanut.